Tsintsiyar da Gwaggo ta Bar wa Baba

Gwaggo ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, a ƙarshen damina, gero ya fara nuna. Kafin azahar gidanta na Tasawa ya cika, har sai da aka aro tabarmi daga gidaje uku. Ni daga Mayahi na taso, inda nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Na iske Baba, mahaifina kuma ƙanenta, zaune a zaure da sandarsa bisa cinya, mutane na shiga suna fita.

Maƙwabtanta musulmi su suka fi kowa yawa. Matan unguwa da suka shekara talatin suna sayen daddawa a hannunta suka zo da kwanonin tuwo da ƙwarya-ƙwaryar fura, wata tana kuka tana cewa, wa zai ƙara zaginta a kan miyar da ba ta ji gishiri ba? Limamin unguwar da kansa ya zo ya tsuguna gaban Baba.

"Allah shi jiƙanta, Allah shi sa ta huta," in ji shi.

"Mun gode, Malam," in ji Baba. "Mun gode ƙwarai."

Bai ce amin ba. Liman ya daɗe da sanin Baba, bai ji haushi ba, ya dafa kafaɗarsa ya tashi.

Mutanen majami'armu kuma, mu da ake kira furotestan, da suka zo sai suka ce, "Allah shi ba ku haƙuri, shi ta'azantar da ku." Wannan kam Baba ya amsa da amin mai ƙarfi. A wurinmu ba a yi wa mamaci addu'a. Tun muna yara aka koya mana cewa wanda ya mutu cikin bangaskiya ya riga ya isa gida, ba ya jiran roƙon kowa. Addu'a ta masu rai ce, su da aka bari da kewa.

Gwaggo kuwa katolika ce. 'Yan'uwanta na majami'a su huɗu suka zo, don kusan su ke nan suka rage a garin. Suka durƙusa gefen gawar da carbinsu, suka yi ta roƙa mata rahama cikin Faransanci. Da suka gama, wata tsohuwa a cikinsu, mutuniyar bakin teku mai tuyar ƙosai a tasha, ta dube mu da Hausarta mai karyewa ta ce, "To bana wa za ya kira sunayen?"

Wannan tambaya ce ta sa na zauna nake wannan rubutu, don kada a manta da matar da ta hana a manta da kowa.

Ita da Baba uwa ɗaya uba ɗaya suke, daga wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe. Iyayensu ba masallaci ba majami'a, al'adar kakanni suke bi. Gwaggo ce babba. Ta auri wani malamin asibiti, baƙo daga bakin teku da aka kawo aiki Tasawa, ta bi shi cikin katolika. Baba kuma ciwon ido ne ya kai shi wurin masu bishara yana saurayi, ya warke, ya koyi karatu, ya koyi kafinta, ya dawo da Littafi a hammata, bai kuma sauke shi ba har yau. Mijin Gwaggo ya mutu tun ina goye. 'Ya'ya biyu ta haifa, duka ƙyanda ta ɗauke su a shekara guda. Dangin mijin suka ce ta bi su can ƙasarsu, ta ce ba za ta bar mutanenta cikin rairayi su kaɗai ba.

Gajeriya ce, baƙa, mai faɗin ƙafa. Warin daddawar batso ba ya barin zanenta, ko ranar Kirsimeti. Bakinta kuwa, Allah ya kiyaye! Ni "Madam" take ce mini tun ranar da na fara koyarwa, kuma in ta ja kalmar, ka san wanki za a yi mini. Baba kuma ta sa masa suna Malam Ina-a-rubuce, domin duk abin da ta faɗa sai ya tare ta da wannan tambaya.

Kowace Lahadi bayan an tashi daga sujada, yakan tako daga wancan gefen gari ya zo ya zauna gindin bedinta, itacen darbejiyar da ke gidanta, su ci abinci, su yi faɗa. Mu yara mun fi son faɗan da abincin.

"Yaya, mutum guda shi zamna can Roma shi ce, duniya duk ta bi? Shi ba ɗan Adam ba ne? Ina a rubuce?"

"Ku hwa? Kowa da Littahi a hammata, kowa sarkin kanshi. Tun da na san majami'arku, sau nawa ta rabu? Bara ma bisa wa za shi riƙe makullin ɗaki kunka rabu biyu."

"Mu dai ba mu taɓa saida gahwara da kuɗɗi ba. Ku kunka yi, sai da wani Bajamushe ya tsawata muku."

"An yi ɓanna, ban ce ba a yi ba. In ɗaki na zuba, yaɓe shi a kai. Ba a cire azara a tahi da ita a kahwa wata bukka. Kuma kahin a haihi Bajamushen naka, wa ya riƙe maka Littahin nan har ya iso hammatarka? Daga sama ya hwaɗo maka da bango da komi?"

Gwaggo ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Duk wannan a bakin mijinta ta ji, ta adana shi yadda take adana kalwa, tana fitar da shi lokacin da ya dace. Baba sai ya buɗe Littafi ya karanta mata, ta saurara da ladabi, hannu a ƙirji, in ya gama ta ce, "Madalla. Ƙaro miya." Ban taɓa ganin ɗayansu ya kayar da ɗaya ba. Da la'asar takan ɗaura masa daddawa a leda, ya tafi yana gunaguni.

Abin da aka fi saninta da shi shi ne maƙabarta. Kiristocin garin, katolika da furotestan, wuri guda ake binne mu, wani ɗan fili bayan gari tsakanin gonaki, ba katanga, sai itacen aduwa guda a tsakiya. Kaburburan ba su kai arba'in ba. Ƙasar wurin rairayi ce, damina biyu ta isa ta baje kabari ya zama daidai da ƙasa, giccen itace kuma gara ke cinye shi. Kowace shekara, ranar biyu ga Nuwamba, ranar da katolika ke tunawa da matattu, Gwaggo takan fita da sassafe da tsintsiyar kaba da hauya da tulun ruwa. Ta nome ciyawa, ta share, ta tara ƙasa a kan kowane kabari. A wajen kan kowa ta binne wata alama rabi a ƙasa, wani tsohuwar tasa, wani guntun turmi, wani bakin tulu. Sannan ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta kira sunan mai kabarin da ƙarfi kamar yana bayan danga, ta roƙa masa hutawa, ta kafa ɗan kyandir. Ba ta tambayar wanda ke ciki ko na wace majami'a ne. Ta ce can ƙasa ba wanda ya tafi da katin baftisma.

Wannan al'ada ce ta raba su shekara uku. Inna, mahaifiyata, ta rasu ina aji na ƙarshe a kwaleji. Da Nuwamba ta zo, wani ya je ya gaya wa Baba cewa yayarsa na can bisa kabarin matarsa da kyandir. Ya ajiye zarto ya tafi, na bi shi. Muka iske ta durƙushe tana kiran sunan Inna. Baba bai yi mata sallama ba. Ya sunkuya ya tumɓuke kyandirin, ya kashe shi da yatsu.

"Matata ba ta cikin wata wuta tana jiran ki hiddo ta," ya ce. "Jinin Almasihu ya ishe ta. Kada ki ƙara."

Gwaggo ta dube shi daga ƙasa. "Ni na yi mata wankan jego sau biyar," in ji ta. "Ni na wanke ta ranar da ta tahi. Yau kai za ka hana ni in ce Allah shi jiƙanta?"

Ya juya ya tafi da kyandirin a hannu. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan. Sai da na girma na gane cewa ba taurin kai kaɗai ba ne. Abin da ke riƙe da shi a tsaye a lokacin shi ne tabbacin cewa Inna tana cikin hutawa tun daga numfashinta na ƙarshe, kyandirin nan kuma a idonsa cewa yake yi, wataƙila ba ta isa ba tukuna. Ba zai iya ɗaukar wannan ba.

Shekara uku bai zauna gindin bedi ba. Amma kowace Lahadi wata maƙwabciya takan kawo ledar daddawa gidanmu, ta ce an ce a ba mai gida. Shi ma da ƙofar ɗakinta ta ɓalle, wata safiya sai aka ga sabuwa jingine a zaurenta. Ba wanda ya ce wa kowa na gode.

Abin da ya shirya su, yayana ne ya dawo daga aiki a ƙasar waje, ya ce zai zuba wa kabarin Inna siminti. Muka fita mu uku da magini. Baba bai ƙara taka wurin ba tun ranar kyandir, don a cewarsa Inna ba ta can. Ya tsaya tsakiyar fili yana dube-dube. Ya nuna nan, ya ce a'a. Ya nuna can, ya sauke hannu. Damina uku ta sauya masa wurin, gero ya kewaye ko'ina, tudun kaburbura duk iri ɗaya. Na ga zufa na tsattsafo masa a goshi, ga magini tsaye da cebur yana jira. Mutumin da ya san aya da lambarta bai san inda matarsa take kwance ba.

Ni na je na kira Gwaggo. Ta zo ba ta ce uffan ba, kuma wanda ya san bakinta ya san abin da wannan shirun ya ci mata. Ta tsaya gindin aduwa, ta yi taku tara wajen gabas, ta tone rairayi da ƙafa. Sai ga bakin tasar da Inna take dama mana kunu a ciki.

Baba ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Yaya, kin ci gaba da zuwa ke nan."

"Ka hana ni kyandir," in ji ta. "Ban ji ka hana ni shara ba. Roƙon kuma cikin cikina na yi shi, nan ba ka da iko."

Daga shekarar ya koma gindin bedi, faɗa ya ci gaba daga inda aka tsaya. Da ƙafafunta suka fara nauyi, shi yake ɗaukar mata tulun ruwa zuwa maƙabarta. Ya ajiye, ya zauna gindin aduwa ya ba ta baya, wai shi ba ruwansa da abin da ake yi. Ita kuma ta ƙara ɗaga murya da gangan.

Ciwonta na ƙarshe wata biyu ya yi. Na zo duba ta wata Asabar da rana, na iske Baba zaune bakin gadonta yana yi mata fifita. Ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Gwaggo ba sai ran nan.

"Ɗan Inna," ta ce masa. Tasu uwar take nufi, kuma ba ta kiransa haka sai magana ta kai magana. "Ni na roƙa ma kowa. In na tahi, wa za shi roƙa mini?"

"Momper za shi yi miki mes," in ji Baba. Momper shi ne firist ɗinsu, limamin katolika, wanda ke zuwa daga Maraɗi sau ɗaya a wata ya yi musu mes, wato babbar sujadarsu.

"Za shi yi, sau guda. Baɗi a ɗauke shi a kawo wani wanda bai taɓa jin sunana ba. Mutanenmu huɗu, ukku tsohi ne. Ba ni da ɗa, ba ni da jika. Kai gare ni. Nawa nike so, na jinina, shi tsaya bisa kaina shi ce Allah shi jiƙan wance."

"Yaya, ba ki bukata. An riga an biya miki duka."

"Na sani an biya. Amma na san halina, na san bakin ga nawa, mutum nawa ya sa kuka. Ko ɗiyar gida ce, in ta komo daga gona ai sai ta wanke ƙahwa kahin ta hau tabarmar ubanta."

"An wanke ki, Yaya. Shi da kanshi ya wanke ki."

"To ka hwaɗa dai, ko ba ka yarda ba. Mi za shi rage ka?"

Baba ya daina fifita. Na yi ta roƙon Allah a zuciyata ya ce to, ko don ta samu barci. Amma Baba bai taɓa yi wa kowa alkawarin da ba zai cika ba, ko a kan ƙafar kujera.

"Ba ni iya yi miki ƙarya kina kwance," ya ce. "Ba ni iyawa."

Ta juya fuskarta ga bango. Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Tsintsiya na bayan ƙohwa. Shara dai ba a ce a rubuce take ko ba a rubuce ba."

Ranar da ta rasu ruwa ya yanke hanyar Maraɗi, Momper bai samu isowa ba sai bayan kwana biyu. Fastonmu ne ya binne ta, da mutunci ƙwarai, ya yi godiya ga Allah saboda ranta, ya roƙa mana haƙuri. Ita bai roƙa mata komai ba, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Na tsaya bakin ramin ina jin maganarta a kunnena, bakina a rufe. Ni ma 'yar Baba ce, matar dattijon majami'a kuma. Kalmar da kowane Bahaushe ke faɗa ba tare da tunani ba, ni ban taɓa faɗarta ba tun da aka haife ni.

Ranar ɗaya ga Nuwamba Baba ya kira ni a waya. Kunnensa ya yi nauyi a 'yan shekarun nan, ihu yake yi a waya kamar yana kiran mutum daga gona. "Gobe biyu ga wata," ya ce. "Ki zo."

Na nemi izini wurin darakta, shugaban makarantarmu, na shiga motar safe, daga tasha na hau kabu-kabu zuwa bayan gari. An gama yankan gero, sai kara tsaye da wake a ƙasa. A gonar da ke jikin maƙabarta wani dattijo mai farar hula yana roron wake. Baba ya riga ni. Ya tuɓe riga ya rataye a aduwa, yana shara da tsintsiyar Gwaggo, bayansa ya lanƙwashe, ƙasusuwan kafaɗarsa duk a waje.

Ashe duk shekarun da ya ba ta baya, saurare yake yi. Ya bi kaburburan yadda take bin su. Wani direba ɗan bakin teku. Matar tsohon fasto. Mijin Gwaggo da 'ya'yanta biyu, ƙanana, gefe da gefe. Inna. A kan kowanne ya kira suna, ya ce, "Mun gode ma Allah da ranka," ya wuce. Sai ya zo kan wasu biyu a can ƙarshe, ɗaya da guntun turmi, ɗaya da murfin tukunya. Ya tsaya ya daɗe, ya dube ni, na girgiza kai.

"Sunayen waɗanga sun tahi da ita," in ji shi. Ya share su duk da haka.

Nata ne na ƙarshe, ƙasarsa ba ta gama kwanciya ba. Ya share shi har inda ba datti. Sannan ya sa hannu a aljihun wando ya fito da wani abu naɗe cikin tsumma. Guntun kyandir ne, ya yi rawaya, ya lanƙwashe don zafi, ga garin katako manne a jikinsa. Na gane shi. Shekara ashirin da wani abu yana cikin akwatin kayan aikinsa. Ya kafa shi a wajen kanta, bai kunna ba.

"Kayanta ne," ya ce. "Na maido mata."

Ya miƙe da ƙyar, ya dogara da sanda, yana kallon kabarin.

"Ɗiyata, ban sake ra'ayi ba. Na tabbata ta isa gida tun ran nan. In na roƙa mata, na yi ma Allah ƙarya. Amma tun da ta juya ga bangon nan, ban ƙara cin tuwo na ji daɗinshi ba." Ya gyara tsayuwa. "Ke hwa ba ki ce mata ba ki iyawa ba."

Bai dube ni ba. Ban san ko tana bukata ba, har yau ban sani ba. Na san dai ta roƙa, kuma na san tana tsoro. Na ce, can ƙasa-ƙasa, "Allah ya jiƙanki, Gwaggo. Allah ya ba ki hutawa."

Baba ya kai tafin hannu bayan kunnensa. "Mi kinka ce?"

Na maimaita.

"Ƙara hwaɗi. Ita da ƙarhi take yi ma mutane."

Sai na ɗaga murya yadda take yi, na kira sunanta cikakke, na roƙa mata rahama, kuka ya ƙwace mini a tsakiya amma na kai ƙarshe. Dattijon da ke roron wake ya ɗago daga kunyar gona, ya shafa fuska da hannu biyu.

"Amin," ya ce daga can. "Amin, ya Rabbi."

Baba ya juya wajensa, hawaye na bin gemunsa. Ya ɗaga masa hannun da ke riƙe da tsintsiya.

"Na gode, Malam," in ji shi. "Na gode ƙwarai."